Magnoliya ko itacen gida: wace ƙwaya ta cancanci ruwanka a Maradi?

Wanda ya gama gini a sababbin unguwannin Maradi, ya zagaye filinsa da katanga, ya tsaya tsakar gida da azahar cikin watan Afirilu, ba sai an ce masa ya shuka itace ba. Da can ba a dogon shawara: dogon yaro ne ko mangwaro, a kafa a wuce wurin. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, ido ya buɗe ga itatuwan wasu ƙasashe, kuma cikin waɗanda hotonsu ya fi tafiya da hankalin mutane akwai magnoliya. Ganye kore shar mai sheƙi, fure fari fat wanda faɗinsa kan kai santimita 20 har 30, ga masu sayar da iri a intanet suna tallar ƙwayarta a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai mutum ya ce, to me zai hana in gwada?

Abin da zai hana shi ne ramin itace a tsakar gida ɗaya ne ko biyu, ruwan da za ka iya zubawa kullum yana da iyaka, kuma shekarun da ka ba itacen da bai yi ba sun tafi ke nan. Kafin ka tura kuɗi, a ajiye ƙwayar magnoliya gefen ƙwayar tsamiya, maɗaci, marga, kuka da gawo, a ga abin da kowace ke nema wurinka da abin da za ta biya ka. Ni dai ra'ayina a fili yake: ga mafi yawan gidajen Maradi na gida ne suka ci, kuma da rata mai yawa. Sai dai akwai mutumin da magnoliya za ta yi wa daidai, shi ma yana da rabonsa a wannan bayani.

Magnoliya dangi ne babba, sama da iri 300, kuma babu ko ɗaya da asalinsa Afirka. Gidansu gabashi da kudancin Asiya ne, sai nahiyar Amurka. Wadda aka fi gani a hotuna, mai babban farin fure, masana na kiranta Magnolia grandiflora, ƴar kudu maso gabashin ƙasar Amurka ce, daga Karolina zuwa Fulorida, ta yi yamma har gabashin Tekzas. Jihohin Misisipi da Luwiziyana ita suka ɗauka furen jiha. Idan ka ji Ba'amurke na ba da labarin yadda ya reni magnoliyar ƙasarsa daga ƙwaya, ka tuna daga ina yake magana: wurin da ruwan sama ke wuce milimita 1,000 a shekara, wasu wuraren ma ya haura 1,500, a warwatse cikin watannin shekara duka, ga iska mai laima, ga sanyi na gaske da hunturu. Maradi na samun wajen milimita 500, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, daga nan sai a rufe sama wata 8.

Tun daga ƙwayar aka raba hanya. Ɗan magnoliya wani dunƙule ne mai gargasa wanda ya cika tafin hannu. Idan ya nuna, tsakanin Satumba da Nuwamba a can ƙasarta, sai ya tsattsage, ƙwayoyi ja wur su leƙo, kowace ta rataya da siririn farin zare. Wannan jar riga mai maiƙo tsuntsaye aka yi wa ita, kuma muddin tana jikin ƙwayar tana danne tsiro. Ana jiƙa su kwana 1 ko 2, a murje cikin rariya ko tsumma har jan ya fita, a wanke maiƙon da ɗan sabulu, sai ainihin ƙwayar ta bayyana, mai tauri, launin ƙasa-ƙasa. Daga nan ba ta son bushewa ko kaɗan. Ƙwayar gero ko ta wake sai ta bushe take ajiyuwa. Ta magnoliya in ta bushe ƙayau, ranta ke tafiya. To ka duba abin da ke zuwa cikin ambulan daga mai talla a intanet: ƙwayoyi ne busassu a ƴar leda, ba ka san yaushe aka tsinko su ba, sun yi makonni a hanya, sun kwana a ɗakunan ajiya masu zafi. Yawancin masu kukan cewa iri bai fito ba, ba hannunsu ne ba shi da kyau ba, gawa aka aiko musu. Ban da wannan, shigo da iri daga waje yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai, kuma masu irin wannan talla ba kasafai suke haɗawa da ita ba.

A ce ka yi sa'a ka samu ɗanyar ƙwaya. Saura sanyi. Ƙwayar magnoliya ba ta farkawa sai ta ji hunturun ƙasarta ya zo ya wuce. Masu reno kan gauraya ta da rairayi mai ɗan danshi, su zuba a leda, su sa cikin firigo, ɓangaren kayan miya ba na ƙanƙara ba, a sanyin digiri 4 ko kusa da haka, wata 2 zuwa 3 aƙalla, wasu har wata 6. Ɗarinmu na Disamba da Janairu, wanda ke sa mu hura wuta da asuba, yawanci digiri 12 zuwa 15 ne, da rana kuma ya koma 30. Ga ƙwayar magnoliya wannan ba sanyi ba ne. Dole sai firigo, kuma firigon da ba ya hutawa. Kowa ya san yadda wuta ke zuwa tana komawa a garin nan. Duk ranar da ledar ta ɗumama ta sake hucewa, fumfuna ce ke samun wurin zama.

Sannan ga lissafin watanni, wanda ba wanda ke gaya maka. An tsinko ƙwaya a Oktoba, ta iso hannunka a Disamba, ta yi wata 3 a sanyi. Ka fito da ita a Maris. Tana tsirowa cikin makonni, sai jaririn tsiron mai ganye biyu ya buɗe ido a tsakiyar bazara, Afirilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, iska busasshiya. A Amurka ƙarshen sanyi na kai tsiro cikin yanayi mai laushi. A nan cikin wuta yake kai shi. Mafita ita ce ka bar ledar a firigo har Yuni, ka shuka da faɗuwar damina, amma hakan na nufin firigon ya riƙe sanyi cikin watannin da wuta ta fi ɗaukewa. In ba sola gare ka ba, caca ce.

Ƙwayoyinmu akasin haka suke nema. Gawo, kuka, marga da tsamiya ƙoƙo mai tauri gare su, wanda zai iya kwanciya cikin rairayi mai zafi watanni, wasu shekaru, ba abin da ya same shi. Matsalarsu ɗaya ce: ruwa ba ya ratsa ɓawon. A daji cikin akuya ko saniya ke yin wannan aiki, shi ya sa kake ganin ƴan gawo na fitowa inda garke ya kwana. A gida kuma hanya biyu ce. Ko ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba a kan ƙwayoyin, ka bar su su kwana a ciki har ruwan ya huce. Ko ka ɗan fasa ɓawon da hannu. Tsamiya ma ba ta buƙatar duk wannan, kwana ɗaya a ruwan sanyi ya ishe ta, cikin mako 1 zuwa 2 ka ga ta ɗago ƙasa.

Akwai wani dattijo mai renon dashe a bakin hanya da na tsaya ina kallon aikinsa. Yana zaune kan buhu, ƙwarya cike da ƙwayar gawo a gabansa, abin yanke akaifa a hannu. Ya ɗauki ƙwaya, ya juya ta ya nemi idonta, ya ɗan ciji ɗaya gefen, nesa da idon, har farin ciki ya leƙo kaɗan, ya jefa a kwanon ruwa. Mai huda, wadda ƙwaro ya riga shi, ya cillar. Waɗanda ya jiƙa tun jiya sun kumbura sun ninka. Wata matashiya ta tsaya ta gaishe shi, ta miƙa masa waya da hoton farin fure.

"Baba, wannan fa, za ta yi a gidanmu?"

Ya ɗauki lokaci yana duban ganyen, ba furen ba.

"Ɗiyata, foraj gare ku, ko ga-ruwa ke kawo muku?"

"Ga-ruwa ne, Baba."

"To ai mai irin wannan ganye ba ta san rani ba. Ki bar wa masu fadama."

Bai san sunan itacen ba, amma ya karanta shi daidai. Faɗin ganye da kaurinsa, da kasancewarsa kore duk shekara, alama ce ta itacen da ya saba sha ba yankewa.

Cikin namu, maɗaci ne ya ɗan yi halin magnoliya wajen iri. Ɗansa ƙwallo ne mai tauri da ke tsagewa gida huɗu da rani, ƙwayoyi falan-falan masu ruwan ƙasa su zubo. Suna da mai, kuma a zafin ɗaki ba su daɗewa da rai, don haka sabuwa ake shukawa, ba a fasa ta, ba a zuba mata ruwan zafi. Bambancin shi ne uwar tana nan kusa da kai. Ka tsinta yau ka shuka gobe, cikin mako 2 zuwa 3 ta fito, ba firigo ba jirgi.

A batun ƙasa dole a yi wa magnoliya adalci. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, kuma jigawar Maradi, wadda garin ya hau kanta bayan ambaliyar 1945, tana da wannan ɗan tsamin. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Jigawa ba ta riƙe ruwa, ba ta da ruɓaɓɓen ganye, ita kuwa magnoliya saiwoyinta masu taushi ne da nama, a shimfiɗe kusa da saman ƙasa, daidai inda rairayi ke ƙona tafin ƙafa a watan Mayu. Maganin haka shi ne a lulluɓe gindinta da kara ko busasshen ganye, amma duk wanda ya taɓa zuba kara a ƙasa mai danshi a nan ya san gara ba ta jiran gayyata. Geza kuma ta yi tauri, ruwa na kwanciya a kai, saiwar ta ruɓe. Fadamar Gulbin Maradi, wajen Jiratawa ko Madarumfa, nan ne kaɗai za a ce ƙasa da ruwa sun ɗan yi kusa da abin da take so. Ka duba ruwanka ma: in yana barin farin dabbare a jikin buta ko tulu, a hankali zai kashe tsamin ƙasar, ganyen ya koma ɗorawa-ɗorawa jijiyoyinsa na kore, alamar itacen ya kasa jan sinadarin ƙarfe.

Wani zai ce ai a birnin Sebiya na kudancin Sifen zafi kan kai digiri 40, kuma ga magnoliya manya-manya a lambunansu. Gaskiya ne, kuma hujja ce cewa zafi kaɗai ba ya kashe ta in tana sha. Amma can zafin wata 2 ko 3 ne, hunturunsu da sanyi da ruwan sama, itacen na samun hutu. A nan daga iskar hunturu mai tsotse laima, sai bazara, ba hutu sai Yuni.

Gawo da ƴan uwansa dabara dabam suka yi. Kafin su damu da tsawo, saiwar tsakiya suke turawa ƙasa neman ruwa. Ɗan gawo mai tsawon taƙi, saiwarsa ta riga ta huda gindin leda. Shi ya sa masu reno ke ɗaɗɗaga ledojin duk mako 2 suna datse abin da ya leƙo, kuma ba sa barin gawo ya wuce wata 3 ko 4 a leda. Wasu ma ba sa bi ta leda sam, sai su binne ƙwaya 3 a ramin da ake so da farkon damina, in sun fito a bar mai ƙarfi. Ba wai namu ba sa son ruwa ba ne: rani na farko da na biyu kowane dashe yana buƙatar a riƙa ba shi, bido guda sau ɗaya ko biyu a mako. Amma ranar yaye na zuwa. Magnoliya a jigawa ba ta da ranar yaye, kuma tana girma shanta na ƙaruwa.

Jira fa? Magnoliyar da aka raina daga ƙwaya kan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin furen fari, wata har 20, kuma wannan a ƙasarta ke nan. Ƙananan da kake gani a hoto cikin tukunya ɗauke da fure, irin su Little Gem, ba daga ƙwaya suka fito ba. Reshe aka yanka aka kafa, ko aka yi musu aure. Ko ka samu ƙwayar irin waɗannan, ɗan ba lalle ya gaji uwar ba. Namu ma ba masu sauri ba ne, kar a ruɗe ka. Tsamiya kan yi ƴaƴa a shekara 6 zuwa 8 a wuri mai kyau, a jigawa ta kan wuce haka. Kuka daga ƙwaya shekara 8 ce mafi kusa, wata sai ta haura 20, ko da yake aure na rage wannan ya dawo ƙasa da 5. Amma kuka na biyan ka tun kafin ta girma: in ka shuka ta a kwami kamar alayyafo kana ba ta ruwa, cikin ƴan watanni ka fara tsinkar ganyen miya. Ita magnoliya, duk shekarun nan ganye kawai za ka kalla, ba a ci, dabba ma ba ta samun komai.

To me kake nema a itacen? Nan ne zaɓin yake, kuma yawancin masu sha'awar magnoliya ba su tsaya sun raba bukatunsu ba.

In fure ne, marga ce ta farko a wurina. Da tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi fari da ƙura, sai ta sako zangarnun furanni ruwan ɗorawa suna reto, itacen duka ya rufe. Ba ta cika girma ba, don haka tsakar gida na ɗaukarta, ƙwayarta kuma na cikin dogayen baƙaƙen kwanson nan, a fasa a ciro a yi mata yadda ake yi wa gawo. Sansami na yin nasa furen ruwan hoda mai ƙamshi bayan ya zubar da ganye. Ƙwayarsa mai fukafuki ba ta da tabbas, an fi samunsa ta tohon saiwa. Babban farin fure kuwa, muna da shi ba mu lura ba: furen kuka. Da farkon damina yake ratayo kansa ƙasa, ya buɗe da magariba, jemagu su zo masa cikin dare, kafin wata magaribar ya yi yaushi ya faɗi. Kyau kam akwai, ƙamshi ne babu, gaskiya ma ɗan wari yake yi. Wanda farin fure mai ƙamshi ne ya hana shi barci, ya nemi reshen firanjifani wurin masu sayar da furanni. Ita ma baƙuwa ce daga tsakiyar nahiyar Amurka, amma daga yankin da ya san rani. A yanko reshe, a bar bakin ya bushe kamar mako guda, a kafa a rairayi, kada a cika mata ruwa.

Wani abin mamaki: magnoliya na da dangi na nesa a dajinmu, gwandar daji. Masana sun sa su a babban rukuni ɗaya, kuma in ka ɗauki ɗan furen gwandar daji ka duba kaurin ɓawonsa za ka ga kamar. Dukansu ƙananan ƙwari masu taurin baya ne ke yi musu barbara, ba zuma ba, don zuriyar tsohuwa ce ƙwarai. An samu burbushin dangin magnoliya na shekara kusan miliyan 95.

In inuwa ce, maɗaci da tsamiya ne a gaba, kuma su ne suka fi kusa da siffar da ke burge mutane a magnoliya: itace mai cika, mai duhun inuwa a lokacin da ake bukatarta. Maɗaci ya fi saurin tashi, amma ƙato ne, yana kai mita 20 har 30, sai a nisanta shi da gini da masai da bututun ruwa. Tsutsa kan shiga kan tohonsa yana ƙarami ta sa shi ya yi rassa da wuri, wanda ga mai neman katako asara ce, ga mai neman inuwa ba komai. In a ƙofar gida yake, ka shirya da masu saran ɓawonsa don magani, don yawan sara kan kashe itacen. Tsamiya ta fi nawa, amma ba ta da wannan fitina, ga kunu ga ɗanɗanon miya. Abu biyu game da ita: ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta, kuma a gidaje da yawa iyaye mata ba za su yarda a kafa ta ko kuka a cikin gida ba, sun ce mazaunin iskoki ne. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ka tambayi Inna kafin ka haƙa rami, don dashen da uwar gida ba ta so ba ya kai baɗi. Kuka dai ba ta inuwa ba ce, tsirara take duk rani. Gawo na da ganye da rani, ya zubar da damina, amma ƙaya gare shi, wurinsa gona ne.

Kada a ɗauka baƙuntar magnoliya ce laifinta. Dogon yaro daga yankin Indiya ya zo, mangwaro ma haka, yau wa zai ce ba ƴan gari ba ne? Sun zauna ne don sun fito daga ƙasar da ke da damina da dogon rani irin namu. Tambayar da za ka yi wa kowane baƙon iri ita ce wata nawa yake yi ba ruwa a garinsu. Ko cikin dangin magnoliya akwai ƴar ƙasashen zafi, campaka ta Indiya da kudu maso gabashin Asiya, mai fure ruwan lemo da ake turare da shi. Ba ta neman firigo, wannan ya rage rabin wahala. Sai dai ƙwayarta na mutuwa cikin makonni, kuma ƴar daji mai laima ce, iskar hunturu ba ta raga mata.

In kuwa gona kake tunani ba gida ba, to maganar ƙwaya ma ta zo ta biyu, kuma wannan darasi daga ƙasar Maradi duniya ta koye shi. Shekarun 1970 zuwa farkon 1980 an zuba kuɗi a renon dashe cikin leda, ana kaiwa ƙauyuka, mafi yawa na mutuwa. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a nan, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. A zaɓi toho 2 zuwa 5 masu ƙarfi, a rage sauran, a aske rassan ƙasa, a kare su: sassaben zamani ke nan. Ya yaɗu bayan yunwar 1984, manomi na koya wa manomi, ƙauyuka irin Ɗan Saga ta Agye suka yi suna a kai. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maradi da Damagaram. An ba Rinaudo kyautar girmamawa ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan itacen da ya raina a gonarsa. Kalgo, sabara, taramniya, aduwa ko magarya da ta taso daga tsohuwar saiwa takan yi a shekara 2 ko 3 abin da dashen leda zai daɗe bai kamo ba, kuma ba ka ɗauki bokiti ko sau ɗaya ba. Ƙwaya sai ta shigo a inda babu kututture, ko in kana son irin da ya ƙare a gonar, gawo musamman, wanda sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka kafa wa doka mai tsanani saboda sun ga yadda gero ke yi a ƙarƙashinsa.

Saura mutumin da na ce magnoliya za ta yi masa. Shi ne mai foraj ko lambu a fadama, mai firigon sola, wanda ya riga ya kafa itacen inuwarsa, kuma yake son abin don sha'awa. Magnoliya a Maradi kiwon doki ce: kullum ci, kullum kulawa, ba ta ɗaukar maka kaya, ladan mai ita kallo ne. Ba aibi ba ne in aljihu ya ɗauka. Irin wannan mutum ya nemi ɗanyar ƙwaya ta hannun wanda zai tsinko ta ya wanke ya sa a danshi, ba ta hannun mai talla ba. Ya riƙe ta a sanyi har Yuni. Ya shuka a zurfin santimita 1 cikin doguwar leda, ƙasar rabi rairayi rabi ruɓaɓɓen ganye, ba ɗanyen taki ba kuma ba toka. Ya ajiye a inuwar rumfa inda rana ke taɓawa da safe kawai, katanga na tare iskar gabas. Ya tara ruwan sama a tanki don ba ta. Shekarun farko ta zauna a babbar tukunya da za a iya ja zuwa inuwa, kuma duk sauyin tukunya a ɗauke ta da ƙasarta, don saiwar ba ta jure taɓi. In da hali ya samu dashen reshe daga masu sayar da furanni na manyan birane, ya fi masa ƙwaya nesa ba kusa ba, don ya tsallake firigo da shekara 10 na jira.

Sauran mu, lissafin ya fi sauƙi. Tsamiya, kuka, gawo da marga duk da rani ƴaƴansu ke nuna, don haka daga Janairu zuwa Maris ake tara iri, daga uwa mai lafiya, kuma gara daga itatuwa da yawa ba guda ba. Marga da maɗaci an fi samunsu ta kudu, wajen Madarumfa da dajin Baban Rafi inda ruwa ya fi yawa. Wanda bai da hanyar zuwa ya tambayi jami'an gandun daji ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna. A cika leda a Maris ko Afirilu, kashi 3 rairayi kashi 1 tsohon taki, a ajiye a inuwa mai ratsi. A haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi tun kafin ruwa ya sauka, a dasa bayan damina ta kama sosai, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ba banza ba aka sa bikin dashen itace na ƙasa ranar 3 ga Agusta tun 1975. A yage ledar kafin a binne, a bar ɗan kwari a gindi ya tara ruwa. Kuma a ranar da aka dasa, ba washegari ba, a kewaye shi da ƙaya, tubali ko waya mai tsawon da akuya ba za ta miƙa wuya ta kai ba, don a unguwanninmu awaki sun kashe dashe fiye da fari.